HUDA TANKIN KIFI DOMIN HAƊA SHI DA TANKIN MAFAKA

GABATARWA

Ƙasar Kachia da Jaba da Kagarko an san ta da noman citta, har ta zama ita ce ƙashin bayan tattalin arzikin gidaje da dama. A daminar shekarar 2023 cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a wannan yanki, ta bar manoma da yawa ba amfanin gona, ba irin shuka. Wannan ya nuna muhimmancin samun wata sana'a ta biyu wadda ba ta dogara da gona ɗaya ba. Kiwon tarwaɗa, musamman ƙyanƙyasa da renon 'ya'yanta domin sayar wa masu kiwo, yana daga cikin sana'o'in da za a iya yi a bayan gida ba tare da babban fili ba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan tarwaɗa, kuma kowane mai kiwo sai ya sayi 'ya'ya kafin ya fara.

Babbar matsalar mai reno a kudancin Kaduna ita ce ruwa. Ana samun ruwan sama daga watan Afrilu zuwa Oktoba, amma daga Nuwamba zuwa Maris babu, kuma kafin ƙarshen rani rijiyoyi da yawa suna ja baya. Wanda yake zubar da ruwan tankinsa kullum yana sake sabo, shi ne farkon wanda rani zai tsayar wa da aiki.

Wannan jagora zai bayyana maka, kai manomi, namiji ko mace, yadda za ka haɗa tankin kifinka da wani ƙaramin tanki na gefe wanda zai riƙa tace ruwa yana mayar da shi. Aikin duka ya rataya ne a kan rami guda da ake hudawa a jikin tanki. Idan an huda shi a inda ya dace kuma ta hanyar da ta dace, tsarin zai kare kansa ko da wuta ta ɗauke cikin dare. Idan kuwa an kuskure, ana iya asarar tanki da ruwa da kifi gaba ɗaya.

MENE NE TANKIN MAFAKA?

Tankin mafaka ƙaramin tanki ne wanda ruwa ɗaya yake zagayawa tsakaninsa da tankin kifi, amma ba a sa kifi a cikinsa. An kira shi mafaka ne saboda tsirrai da ƙananan halittun ruwa suna samun wurin ɓuya da yaɗuwa a ciki, inda kifi ba zai cinye su ba. Masu ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi su suka fi amfani da shi, kuma wani masani mai suna Walter Adey na cibiyar Smithsonian a Amurka ya taimaka wajen yaɗa dabarar tun shekarun 1980. A ɓangaren noma kuwa, ƙasar Holan ta yi nisa wajen kiwon tarwaɗar Afirka cikin ruwa mai zagayawa, kuma manyan gonaki a Ibadan da Legas sun ɗauki wannan tsari. Abin da za a bayyana a nan ƙaramin samfurinsa ne, wanda mai ƙaramin jari zai iya haɗawa da kayan da ke kasuwa.

DALILIN DA YA SA RUWA YAKE LALACEWA

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, mafi yawansa ta wurin da yake numfashi a gefen kai. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna ƙara ta. Kowane kilo 1 na abincin kifi da ka zuba yana haifar da kimanin giram 30 na amoniya. Ba a ganin ta da ido, don haka ruwa yana iya zama garau alhali yana kashe kifi. Gubarta kuma tana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko ya yi yawan kanwa-kanwa.

Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zama a jikin tsakuwa da soso da bangon tanki. Rukuni na farko yana juya amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Rukuni na biyu yana juya naitirait zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, kuma taki ne ga tsirrai. Tsirran ruwa sai su zuƙe wannan taki su girma, kai kuma ka kwashe su ka fitar. Ta haka dattin yake barin ruwa. Tankin mafaka shi ne gidan waɗannan bakteriya da tsirrai.

Ka lura cewa babbar tarwaɗa tana iya hawowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take jure mummunan ruwa. Jaririyar tarwaɗa ba ta da wannan dama sai ta yi mako 2 zuwa 3. A wannan tsakani ne masu reno suka fi yin asara.

ZAƁEN TSARI: SAMA KO ƘASA

Kafin ka taɓa injin huda, sai ka yanke shawarar inda tankin mafaka zai zauna, domin wannan ne zai nuna tankin da za a huda. Ƙa'idar ita ce: famfo yana tura ruwa sama, ruwan kuma ya gangaro da kansa ta cikin rami. Saboda haka tankin da yake sama shi ake hudawa.

1. Mafaka a sama. Ana ɗora tankin mafaka a kan dakali ko teburin ƙarfe da ya fi tankin kifi tsawo. Famfo yana cikin tankin kifi yana tura ruwa sama, ruwan ya ratsa mafaka ya gangaro. Amfanin wannan tsari biyu ne. Na farko, ba za ka huda tankin kifinka mai tsada ba, sai ƙaramin tanki. Na biyu, ƙananan halittun da ke cikin mafaka suna gangarowa wurin kifi ba tare da sun bi ta cikin famfo ba. Wannan tsari ya fi dacewa da mai farawa.

2. Mafaka a ƙasa. Ana huda tankin kifi kusa da baki, ruwa ya malala zuwa mafaka da ke ƙasa, famfo ya mayar da shi. Amfaninsa shi ne famfo yana nesa da jariran kifi, kuma nauyi yana ƙasa. Sai dai a nan dole a bar fili a mafaka domin karɓar ruwan da zai dawo idan wuta ta ɗauke.

Ko wane tsari ka zaɓa, girman mafaka ya kasance tsakanin kashi 1 cikin 5 zuwa kashi 1 cikin 3 na tankin kifi. Domin sanin yawan litar tanki, ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Tanki mai santimita 90 da 45 da 45 yana cin lita 182. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka teburin da zai ɗauki mafaka mai lita 60 sai ya iya ɗaukar fiye da nauyin buhun siminti, dare da rana.

INDA ZA A HUDA RAMI

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci. Ruwa zai ci gaba da fita daga tanki har sai ya sauka zuwa bakin mafitarsa. Idan ka huda mafita a gindin tanki ka haɗa da mafaka, ranar da famfo ya tsaya duk ruwan zai tsiyaye, kifi ya kwana a busasshen tanki. Saboda haka ka kiyaye waɗannan:

1. Ramin ya kasance a sama, kusa da inda kake son ruwa ya tsaya.

2. A jikin gilashi, tazarar da ke tsakanin gefen rami da bakin gilashi kada ta gaza faɗin ramin kansa. Idan ramin milimita 45 ne, a bar aƙalla milimita 45 daga kowane gefe, wato tsakiyar ramin ta kasance kimanin santimita 7 daga baki. Rami kusa da baki yana jawo tsagewa.

3. Idan ka ga ramin ya yi ƙasa da inda kake son ruwa ya kai, sai ka sa gwiwar bututu daga ciki ka juya bakinta sama. Tsawon wannan baki shi zai zama iyakar ruwa.

4. Ka huda ramuka 2, ba 1 ba. Na biyun na ko-ta-kwana ne, bakinsa ya ɗara na farko da kimanin santimita 2. Ganye ko mataccen kifi yana iya toshe na farko, famfo kuwa bai san an toshe ba, zai ci gaba da turawa har tanki ya yi ambaliya. Tsakanin ramukan biyu ma a bar tazarar faɗin rami guda.

5. Bututun da ruwa yake gangarowa ta cikinsa ya fi na famfo faɗi. Idan na famfo rabin inci ne, na gangara ya zama inci 1 ko fiye. Kada ka sa bawul a kan bututun gangara. Idan kana son rage gudun ruwa, ka rage daga wajen famfo.

KAYAN AIKI

Za ka bukaci mahaɗin tanki, wanda masu aikin famfo suke kira konekta, tare da robarsa da notinsa, bututun roba da gwiwoyi da gam ɗinsu, injin huda na hannu, zai fi kyau mai batir saboda aikin da ruwa ake yi, bakin huda mai zagaye, ɗan falankin katako, salatif, yumɓu, tabarau na kariya da safar hannu.

Ka fara sayen mahaɗin kafin bakin huda, sannan ka auna kaurin jikinsa mai zare. Mahaɗi na inci 1 yakan bukaci rami na kimanin milimita 45, amma kamfanoni sun bambanta, don haka awo ya fi zato. Ramin ya ɗara jikin mahaɗin da milimita 1 ko 2 kawai.

Bakin huda na katako ko na ƙarfe ba ya aiki a gilashi. Na gilashi ba shi da haƙora, bakinsa an lulluɓe shi da garin daimon, irin wanda masu sa tayil suke amfani da shi. A neme shi wurin masu sayar da kayan gini a Kafanchan ko Kaduna.

GANE IRIN GILASHI

Masu ƙyanƙyasa suna son tankin gilashi saboda ana ganin ƙwai da jarirai, kuma yana da sauƙin wankewa. Amma ba kowane gilashi ake hudawa ba. Akwai gilashi na yau da kullum, irin na taga, wanda idan ya fashe yake yin manyan ɓaraguzai masu kaifi. Wannan ana iya huda shi. Akwai kuma gilashin da aka gasa domin ƙara masa ƙarfi, irin na ƙofar mota, wanda idan ya fashe yake wargajewa ƙanana kamar tsakuwa. Wannan ba a huda shi ko kaɗan. Da zarar baki ya shiga jikinsa, duk fallen zai tarwatse.

Idan mai yankan gilashi ne ya yanka maka fallayen da abin yankansa ya haɗa tankin, to ba gasasshe ba ne, domin gasasshe ba ya yankuwa. Idan kuwa tankin na kamfani ne ko ɗan gwanjo, ka duba kusurwoyi ko akwai tambari. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: ka kunna farin haske a fuskar waya ko kwamfuta ka sa ta bayan gilashin, ka duba da tabarau mai tace ƙyalli, irin na direbobi, kana juya shi a hankali. Idan ka ga ratsi-ratsi ko tabo-tabo, gasasshe ne. Tankunan kamfani da yawa gindinsu gasasshe ne ko da gefensu ba gasasshe ba ne, don haka kowane falle a gwada shi daban. Idan kana shakka, ka bar shi, ka huda tankin roba a madadinsa.

Gilashin da bai kai kaurin milimita 5 ba yana saurin tsagewa. Idan sabon tanki za a haɗa maka, ka sa a huda fallen tun kafin a manna shi. Ko ya fashe, falle guda ka yi asara.

YADDA AKE HUDA GILASHI

1. Kwashe ruwa da komai daga tanki, ka wanke shi. Kada a huda tanki da ruwa ko kifi a ciki.

2. Kwantar da shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri da aka sa bargo ko kwali, fallen da za a huda yana kwance. Ka shimfiɗa tsumma ƙarƙashin inda za a huda, domin guntun da zai faɗo kada ya fasa ɗaya fallen.

3. Yi alama da maka. Ka sake awo sau biyu, domin rami ba ya komawa.

4. Manna salatif a bayan wurin, ko ka tokare shi da katako. Wannan yana rage ɓantarewar baki lokacin da injin zai fita.

5. Huda rami mai girman bakin injin a jikin falankin katako, ka ɗora shi a kan alamar ka manne shi da salatif. Shi zai hana baki zamewa. Idan babu falanki, ka fara a karkace har baki ya yi ɗan gurbi, sannan ka miƙe shi sannu a hankali.

6. Kewaye wurin da yumɓu kamar ƙaramar madatsa, ka zuba ruwa a ciki. Ruwa yana sanyaya baki da gilashi, kuma yana hana ƙurar gilashi tashi. Wani ya tsaya yana ƙara ruwa. Idan wurin ya bushe, zafi zai tsaga gilashin.

7. Tabbata injin ba ya kan saitin duka, wanda ake huda bango da shi. Ka kunna shi da gudu kaɗan. Kada ka danna, nauyin injin ya wadatar. Bakin yana goge gilashin ne kamar dutsen wasa wuƙa. Aikin yana iya ɗaukar minti 5 zuwa 15 gwargwadon kauri. Sannu ba ta hana zuwa.

8. Lokaci-lokaci ka ɗaga baki kaɗan domin sabon ruwa ya shiga gurbin.

9. Idan ka ga ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa, an kusa ƙarewa. A nan ne mafi yawan mutane suke fasa gilashi saboda ɗoki. Ka ƙara sassautawa, ka riƙe nauyin injin da hannunka har guntun ya saki.

10. Goge bakin ramin da takardar yashi jiƙaƙƙiya, ka wanke tankin sosai. Farin ruwan da ya fito garin gilashi ne, a zubar da shi cikin rami nesa da yara da dabbobi.

TANKIN ROBA DA NA SIMINTI

Tankin roba ya fi sauƙi. Ana huda shi da bakin huda mai haƙora irin na katako. Ka zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe, ba kan lanƙwasa ko ƙugiya ba, domin robar mahaɗi ta zauna daidai. Kada ka huda da wuƙa ko ƙarfe mai zafi, ramin ba zai yi zagaye ba kuma zai yi yoyo. Idan tsohon duro ne ko farin tankin nan mai kejin ƙarfe na lita 1,000, sai ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki. Wanda ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari ko wani sinadari ba ya kiwon kifi, komai wankinsa.

Tankin siminti kuwa, a dasa bututu tun lokacin gini ya fi. Idan sai daga baya ne, a sassaƙa ramin ya fi bututu faɗi, a kankare jikin bututun ya yi kaushi, a cike da siminti mai maganin hana yoyo. Sabon siminti yana sakin sinadarin da ke kashe kifi, don haka a jiƙa shi ana sauya ruwa na aƙalla mako 2.

ƊAURA MAHAƊI DA BUTUTU

Robar mahaɗi tana zama ne a gefen da yake da faffaɗan kai, ba a gefen noti ba. Ka goge wurin kada a sami yashi. Ka ɗaure noti da hannu, sannan ka ƙara kwatan zagaye kawai. Ɗauri da babban sifana yana tsaga gilashi ko ya murɗe robar. Idan za a sa silikon, a guji na banɗaki da kicin wanda aka sa wa maganin hana fumfuna, domin guba ne ga kifi, kuma a bar shi kwana 2 ya bushe. Bututun da ke waje a tallafe shi da katako ko a ɗaure shi a bango. Kada nauyinsa ya rataya a jikin gilashi, domin yaro ko akuya na iya bangazarsa.

A tankin jarirai, duk inda ruwa yake fita a rufe shi da ragar sauro: bakin mafita idan mafaka a ƙasa take, ko kewayen famfo idan a sama take. Ragar ta kasance mai faɗi kamar kwando, domin kada ƙarfin ruwa ya manne jarirai a jikinta. A wanke ta kullum.

IDAN WUTA TA ƊAUKE

Ka san yadda ake zuƙo fetur da tiyo. Haka bututun famfo yake yi idan famfo ya tsaya: ruwa yakan juyo da baya har sai bakin bututun ya sha iska. A tanki mai santimita 90 da 45, kowace santimita 1 ta zurfi lita 4 ce. Idan bakin bututun ya nutse santimita 5, lita 20 za su koma ƙasa. A tanki mai mita 2 da mita 1 kuwa, kowace santimita lita 20 ce, wato lita 100 ke nan. Maganin wannan shi ne bakin bututun ya tsaya sama da ruwa, ko a huda ɗan rami na milimita 3 a jikinsa dab da saman ruwa domin iska ta shiga ta katse zuƙon. Tankin da ke ƙasa kuma kada a cika shi maƙil.

Idan mafaka a sama take, kada ka ajiye famfo a gindin tankin kifi. Ka rataye shi a tsakiya. Ko bututu ya cire a waje, ruwan da zai zuba rabi ne, kifi zai tsira.

Bakteriyar da ke cikin tsakuwa tana bukatar iska. Idan ruwa ya tsaya awanni da yawa sai ta fara mutuwa. Ƙaramin famfo mai aiki da sola da batir ya fi dacewa da inda wuta ba ta da tabbas.

GWAJI KAFIN A SA KIFI

Cika tankunan da ruwa, ka shimfiɗa takarda ƙarƙashin mahaɗi, ka bar su awa 24. Idan babu yoyo, ka kunna famfo. Sannan ka yi gwaji 2: ka kashe famfo ka tsaya har ruwa ya daina motsi, ka ga ko wani tanki ya yi ambaliya, ka sake kunnawa ka toshe mafita ta farko da hannu, ka ga ko ta biyu ta iya ɗaukar ruwan duka. Ka yi alama a jikin tankin ƙasa inda ruwa ya tsaya lokacin da famfo yake aiki, kada ƙarin ruwa ya wuce nan.

Domin auna gudu, ka tara bokitin lita 10. Idan ya cika cikin minti 3, lita 200 ke nan a awa. Ka fara da gudun da zai zagaya ruwan tankin kifi sau 1 a cikin awa 1 ko 2.

ABIN DA AKE SAWA A MAFAKA

A raba mafaka gida 3, ko a jera robobi 3 da aka haɗa da bututu. Gida na farko soson katifa ne mai tare datti, ana wanke shi kullum. Gida na biyu tsakuwa ce wankakkiya ko murafun robar lemo ko gutsattsarin bututu, mazaunin bakteriya. Wannan ba a wanke shi sai ya toshe, kuma da ruwan tanki ake ɗauraye shi, domin ruwan famfo mai kulorin yana kashe bakteriyar. Gida na uku na tsirrai ne masu yawo a kan ruwa: kainuwa, ko azola, ko ƙananan ganyen nan masu kama da ƙwayar riɗi da ke rufe kududdufai, waɗanda masana suke kira Lemna. Waɗannan na ƙarshe suna iya ninka yawansu cikin 'yan kwanaki, kuma abinci ne ga karfasa da kaji da agwagi da aladu. Ka riƙa kwashewa kada su rufe fiye da kashi 2 cikin 3 na saman ruwa. A guji ciyawar nan mai shuɗin fure da ta shigo ƙasar nan ta Badagry a 1984 ta toshe koguna.

Tsiron da aka ɗebo daga rafi yana zuwa da baƙi: tsutsar mazari mai cin jariran kifi, da ƙwan kwaɗi, da matsattsaku, da katantanwar da ke yaɗa tsargiya. A wanke shi, a ajiye shi a wani baho daban mako 2 ana dubawa. Kada a ɗebo daga rafin da ke gindin gonar citta ko masara da aka yi wa feshi. A rufe mafaka da raga saboda sauro da mazari.

Tsirrai suna son haske, jariran tarwaɗa kuwa sun fi girma a duhu-duhu. Sai a sa mafaka inda haske yake, a rufe tankin kifi.

Ƙwan tarwaɗa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 1 ko ɗan fiye idan ruwa da ɗumi, kuma bayan kwana 3 jarirai suke fara neman abinci. Atimiyar gwangwani daga waje ake shigo da ita, kuɗinta yana bin dala. Ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira moina suna iya rage wannan nauyi, kuma suna rayuwa a gida na uku idan ruwan ba ya gudu da ƙarfi. Amma abin da mafaka za ta bayar ƙari ne kawai. Mai son moina da yawa sai ya rene ta a wani baho daban da kashin kaji. Kada a zuba kashin kaji a tankin da ke haɗe da kifi.

KULAWA TA YAU DA KULLUM

Bakteriya tana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ta kafu. A wannan lokaci a sa kifi kaɗan, a ba da abinci kaɗan, a ci gaba da sauya ruwa kamar da. Bayan nan ma mafaka tana rage sauyin ruwa ne, ba ta hana shi. Kullum ka zuƙe dattin gindin tanki da tiyo, ka mayar da sabon ruwa daidai wanda ya fita. Wannan ruwan datti taki ne ga lambun tumatir da alayyafo.

Tarwaɗa ta fi son ɗumin digiri 26 zuwa 30. A watannin Disamba da Janairu iskar hunturu tana sanyaya ruwa, musamman wanda yake zagayawa a fili, kuma tana ƙafar da shi. A kewaye wurin da leda ko zana, a riƙa cika abin da ya ragu.

Idan za a yi wa kifi magani da gishiri ko fomalin ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kashe famfo ko a kwashe kifin zuwa wani tanki, domin maganin zai kashe tsirrai da bakteriyar mafaka. Idan ka ga kifi ya daina cin abinci, ko ya taru a sama, ko ruwa yana kumfa da wari, ka tsayar da abinci, ka sauya kashi 1 cikin 3 na ruwan nan take, sannan ka duba soso da mafita.

KAMMALAWA

Ka huda tankin da ke sama, kusa da baki, ramuka 2. Ka tabbatar da irin gilashi kafin ka fara, ka yi aiki da ruwa, ba danni ba gaggawa. Kada ka sa kifi sai ka kashe famfo da hannunka ka ga abin da zai faru. Idan ba ka taɓa yi ba, ka gwada a kan guntun gilashin da aka yar, ko ka kai wa mai yankan gilashi ka tsaya a kansa da wannan awo. Domin ƙarin bayani ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Kaduna, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja.